Ƙafar Yaro Sawun Babba Take Bi



Da aka ce in yi magana a kan motsa jikin yara a nan garin Turawa, wani ɗan'uwa ya ce mini ai wannan zancen 'yan birni ne, yaron ƙauye yaushe ya zauna? A da, gaskiyarsa. Ku tuna hanyar gona: uba a gaba da fartanya a kafaɗa, yara biyu ko uku a baya, suna tsallake kunya, suna bin fara. Yau uban ya hau babur, yaron yana kan tanki, ko an bar shi a zaure da waya. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Yaro bai daina tafiya ba sai da muka daina.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Daga shekara 1 zuwa 4, yaro na bukatar minti 180 na motsi a yini, wato awa uku, a rarrabe. Wanda bai kai shekara 2 ba, kada a ba shi kallon waya ko talabijin. Abin da ya fi tsaya mini shi ne batun goyo: kada a ɗaure yaro fiye da awa ɗaya a jere, har da a bayan uwa. Iyayena mata, ba na kushe goyo, da shi muka tashi, kuma mai daka da surfe da girki dole ta sami hannu. Roƙona kawai, in ya farka a kwance majanyi, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a kifa shi rub da ciki, ido na kansa. A nan wuya ke ƙwari, daga nan rarrafe, daga nan tatata.

Sai dandali. Langa, gaɗa, carafke, kokawar yara bayan girbi, duk sun ja baya, kuma dalilinmu tsoro ne. Tsoron na da tushe. Amma da can ma abin da ya tsare dandali shi ne manya na zaune a gefe suna hira. Mu muka fara tashi, sannan wasan ya watse.

Kada kuma a ce talla da ɗaukar jarka ai motsi ne. Wannan aiki ne, nauyinsa ya fi ƙarfin ɗan shekara biyar. Haka iyo a Dam ɗin Challawa: yaro ba ya zuwa shi kaɗai, ga nutsewa, ga tsargiya.

Malamai sun fi ni sanin cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa. Uban da ke jin girmansa zai zube in ya yi guje-guje da ɗansa a tsakar gida, ya sake duba wannan.

Ranka ya daɗe dagaci, ga bukatata. A ware fili ɗaya a kowace unguwa, a share ƙaya da kwalabe, iyaye biyu su riƙa zama a wurin bi da bi tsakanin la'asar da magariba. Waɗanda za su fara wannan makon su ba da sunansu kafin mu tashi.