Jawabin Kwamiti A Kan Maganin Ƙwarin Wake

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwa ƴan ci-rani na Yamai, da Kwatano, da Ikko, barkanku da zuwa gida Zabori.

Maganarmu ta yau a kan wake ce. Kowace kaka muna aiko da maganin ƙwari daga kasuwar Gaya, ko Malanbil, ko Kamba, galibi fiya-fiya cikin kwalba marar takarda. A zuba a buhu, bayan ƴan watanni a dafa wa yara. Wannan guba ce, tana shiga jiki ta baki, da hanci, da fata. Alheri muka nufa, amma cuta muke aikowa.

Bari mu kawo misali daga nesa. Manoman zaitun na Italiya da Sifen suna fama da wani ƙuda mai ƙwai cikin ƴaƴan itacen, tsutsa ta ɓata man. Sun daɗe suna fesa wani magani, dimetowat, har Tarayyar Turai ta hana shi a 2019. Amma masana sun riga sun lura ƙudan nan sai ya nemi abinci kafin ya yi ƙwai. Saboda haka aka haɗa abincin da magani kaɗan, ana yayyafawa a gefe ɗaya na itacen, ƙuda ya zo da kansa ya ci ya mutu. Wato sanin halin ƙwaro shi ne rabin magani.

To, mene ne halin ƙwaron wakenmu? Ba ya rayuwa sai da iska. A kan haka Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masanan INRAN na Maraɗi, suka yaɗa buhun PICS tun 2007: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Ƙwaro ya cinye iskar ciki, ya daina ci, ya mutu, ba ɗigon magani.

Ga sharuɗɗa. Wake ya bushe sarai. A duba leda, kada a sami huda. A matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. A ɗora bisa katako, nesa da ɓera. Kada a yi ta buɗewa.

Roƙonmu, bana wanda zai yi aike ya aiko da buhu, ba kwalba ba. Feshin gona kuwa, a tambayi malamin gona tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.