Na'urar awon sukari ta dantse: idan lamba ta saɓa wa jiki, mi za a yi?

 An nemi in yi magana a kan na'urar nan da ake mannawa a dantse don awon sukari, albarkacin ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga watan Nuwamba. Ni ma ina cikin masu ɗauke da ita. Yanzu za ka gan ta a hannun ɗalibi a Yamai, ka gan ta a hannun dattijo a Maradi wanda ɗansa ya aiko masa daga Faransa. Tsada gare ta, kuma da yawanmu kwalin kawai aka miƙo mana, babu wanda ya zauna ya yi mana bayani. Shi ya sa da ta fara rikici sai mutum ya ɓare ta ya yar, kuɗi sun tafi. Wani kuma ya yi allurar insulin a kan lambar da ba daidai ba, wanda nan ne rai yake shiga haɗari.

Mu fara da yadda take aiki. Na'urar ta ɗan fi tsabar dala ɗari faɗi, tana da wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Zaren nan ba ya taɓa jini. Ruwan da ke tsakanin tsoka da fata yake aunawa, kuma sukari sai ya fara shiga jini kafin ya iso wannan ruwa. Tazarar kan kai minti 5 zuwa 15. Don haka in ka sha fura yanzu, ko ka dawo daga ƙwallo, ka tsira yatsa ka ga lamba ɗaya, waya ta nuna wata, kada ka ce na'ura ta lalace. Tana biye da jini ne a baya. Ka dubi kibiyar da ke gefen lambar, ita ke gaya maka sukarin hawa yake ko sauka.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Takardar awon asibitocinmu galibi da g/L take zuwa, yawancin na'urorin nan kuwa da mg/dL suke nunawa. Abu ɗaya ne: 0,70 na takarda shi ne 70 na waya, 1,80 shi ne 180. Mafi yawan manya masu ciwon ana so su riƙa zama tsakanin 70 da 180, sai dai in likitanka ya yanke maka wata iyaka.

To, sai ƙararrawar tsakar dare. Kana barci lafiya, waya ta hau kuka wai sukari ya faɗi. Sau da yawa kwanciya ce ka yi a kan dantsen, nauyin jiki ya danne wurin, lambar ta faɗi alhali jininka lafiya lau. Mu da muke kwana a kan tabarma lokacin zafi mun san wannan. Ka juya, ka tsira yatsa. In yatsa ya tabbatar ƙasa da 70 ne, ka sha ƙwayar sukari 3, irin na shayi, wato kimanin giram 15, ka sake awo bayan minti 15. In kana jin rawar jiki, gumi mai sanyi da yunwa, kuma babu abin awo kusa, ka sha sukarin, kada ka tsaya jira. In fuskar waya ta rubuta LO, tana nufin ƙasa da 40, wannan ba wasa ba ne. Ku gaya wa mutanen gida: wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi nan take.

Ranar farko ma sai an yi haƙuri da ita. FreeStyle Libre tana ɗaukar awa 1 kafin ta fara ba da lamba, ta yi kwana 14. Dexcom G6 awa 2, ta yi kwana 10. A cikin awa 24 na farko lambobin kan yi yawo, don haka a yawaita awon yatsa ranar.

Magunguna fa? Ga abin da ba a cika faɗa ba. Bitamin C mai yawa, sama da miligiram 500 a yini, yana sa Libre 2 ta nuna sukari sama da gaskiyarsa. Irin ƙwayoyin nan ne masu tafasa a ruwa da muke sha in mura ta kama mu. Dexcom kuwa maganin hydroxyurea ne ke ruɗa ta, ta nuna sama, kuma shi ne ake ba wasu masu sikila, ciwon da muke da shi a ƙasar nan. Ka ga haɗarin: waya ta ce sukari ya hau, ka ƙara insulin, alhali bai hau ba. Duk maganin da kake sha, ka faɗa wa likita kafin ka manna.

Yanzu mu zo kan zafi, babban abokin gabarta a wajenmu. An rubuta a kwalin Libre a ajiye ta tsakanin digiri 4 da 25. A Afrilu da Mayu, Tawa da Damagaram suna wuce 40. Na'urar da ta yini cikin mota, ko a shago mai rufin kwano, tana iya lalacewa tun ba a buɗe ta ba. A sa ta a firigo, ban da sashen ƙanƙara. In babu wuta, a ƙulle ta a leda a ajiye kusa da randa, inda ya fi sanyi a gidan. Kafin ka biya, ka duba ranar ƙarewarta, kuma ka ajiye kwalin saboda lambar da ke jiki, da ita ake neman canji.

Gumi kuma yana ɓare ta. Ka wanke bayan dantse da sabulu, ka goge da audugar alkol, ka bari ya bushe sarai kafin ka manna. Lokacin hunturu kada a shafa man kaɗe ko wani mai a wurin, gam ba ya kama fata mai maiƙo. In gefe ya fara ɗagawa, a zagaye shi da filasta. A kula wajen cire riga, da madaurin jaka, da cunkoson adaidaita. Wanka bai hana ba, Libre tana jure ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Amma in ta fita gaba ɗaya, ba ta komawa, kada a tura zaren da hannu. Kowane canji a sauya hannu. In wurin ya yi ja, ƙaiƙayi ko ruwa, a cire a nuna wa likita.

Saura waya. Libre sai wayar da ke da NFC, kuma a kunne. Tsohuwar Libre awa 8 kawai take riƙe bayani, in ka wuce ba ka ɗora waya ba, za ka ga giɓi a zanen. Masu ƙararrawa da Bluetooth suke aiki, in ka yi nisan da ya wuce mita 6 sai sadarwa ta yanke. Tsarin tattalin batir na waya ma yana kashe manhajar a ɓoye, a cire ta daga ciki. Sannan na'urar Libre da aka saya a wata ƙasa ba lalle ta yi aiki da manhajar wata ƙasa ba. Kafin ɗan uwa ya aiko, ku tabbatar da wannan, ko ya haɗo da ƙaramin akwatin karantawa na can.

Ƴan uwa, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: kada wanda ya manna na'ura ya rabu da abin awon yatsa da ƴan takardunsa. Duk lokacin da jikinka ya ce abu ɗaya, waya ta ce wani, ka wanke hannu, ka tsira yatsa, ka bi abin da jini ya faɗa kafin ka taɓa allura. Wanda yake da mahaifi ko ƙane mai ɗauke da ita, ya zauna da shi yau su duba waɗannan abubuwa tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.