BINDIGA A GIDAN RIƘO

Jawabin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Augie ya gabatar a taron mahawara na ƙungiyar ɗalibai



Batun da muka zo da shi yau ba daga littafi muka tsamo shi ba, daga gida muka taho da shi. Mu mutanen Augie ne, ta ƙasar Argungu, can bakin gulbin Rima inda fadama ke ciyar da mu da shinkafa da kifi. A watan Nuwamba na 2024, 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa suka faɗa wa garin Mera, cikin ƙaramar hukumarmu, suka kora shanu. Mutanen gari suka bi sawunsu, aka yi arangama, aka rasa rayuka 15. Jaridu sun buga wannan adadi, sa'an nan suka wuce zuwa wani labari. Amma duk magidancin da aka binne, akan bar yara a bayansa, kuma dole wani ya ɗauke su. Watau abu guda ne ya haifar da tambayoyi biyu a gidajenmu: wa zai riƙi marayu, kuma da me zai kare su? Tambayarmu ta yau ita ce wadda ta haɗa su: shin mutumin da aka danƙa wa riƙon ɗan wani, ya dace ya ajiye bindiga a gida, kuma bisa wane sharaɗi?

Kowa a zauren nan ya san riƙo. Da wuya a sami wanda bai tashi a hannun kawu ko gwaggo ko kaka ba, ko kuwa wanda bai tashi tare da ɗan riƙo a ɗaki ɗaya ba. Ba a rubuta takarda, ba a zuwa gaban alƙali. Dattawa su zauna bayan sadakar uku ko ta bakwai, su ce wane ya ɗauki wance, shi ke nan magana ta ƙare. Wannan al'ada ta rufa wa al'ummarmu asiri tun kafin a san wani abu wai shi gidan marayu, ba kuwa mu zo nan don mu kushe ta ba.

Haka ma bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu. Mun tashi muna ganin bindigar toka rataye a bangon zauren maharba, ana kore gwanki da birai daga gona da ita, ana kuma buga ta ranar salla don a girmama sarki. Abin da ya sake shi ne dalilin ajiye ta. A da don naman daji ake ɗura ta, yanzu kuwa don mutum, saboda haka ta daina kwana babu komai a cikinta. Tana kwana a ɗure, kusa da shimfiɗa, a gidan da yara suka ƙaru.

To, me doka ta ce? Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi a wannan fage, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗurin baki, irin namu na gargajiya, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya kame kansa, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka gabata. Ta kuma ɗora wa mai bindiga nauyin adana ta. Ashe ke nan a ƙasarmu riƙe bindiga izini ne da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya hanawa. A 2023 ma Sufeto-Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, alhali a 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umurci mutanensa su nemi lasin don su kare kansu. Talaka ya rasa wa zai saurara.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Ta tanadi riƙo ta hanyar kotu, inda ake duba shekarun mai nema, da lafiyarsa, da halinsa, da abin hannunsa. Amma ku lura da giɓin da ke tsakani. Dokar makamai na tambayar wane ne mai bindiga, ba ta tambayar su wa ke kwana a gidansa. Sharuɗɗan riƙo kuma na tambayar wane ne mariƙi, ba su tambayar abin da ya rataye a bango. Daɗin daɗawa, mafi yawan riƙon da muke yi ba ya bi ta kotu ko kaɗan.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ambaci haƙƙin riƙe makami, an sha kai ƙara a kan wannan batu. A 2017, a jihar Mishigan, wani tsohon soja da aka nemi ya riƙi jikansa ya kai hukuma kotu, domin a ganinsa an tilasta masa zaɓi tsakanin jikansa da bindigarsa. Ƙa'idar da jihohi da dama ke bi a can ita ce mariƙi ya kulle bindiga a wuri guda, harsashi kuma a wani wuri dabam. Dalilinsu ba wasa ba ne, gama a 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a wannan ƙasa. Ba muna cewa mu kwafi tsarinsu ba ne. Su haƙƙi suke jayayya a kai, mu kuwa larura ce ta kai mu. Darasin dai shi ne, ko inda bindiga take haƙƙi, an yarda cewa ɗan amana yana da nasa haƙƙin a kan mariƙinsa.

Mun san abin da wasu daga cikinku za su ce: wanda bai kwana a ƙauye yana jin ƙarar babura cikin dare ba, kada ya yi wa mutane wa'azin kulle bindiga. Maganar tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Wanda ya hana mariƙin marayu abin kare kai, alhali jami'an tsaro na nesa, bai yi masa adalci ba. Amma mu tuna da Maris na 2022, lokacin da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a kudancin jihar Kabi, aka kashe fiye da 60. Da makamansu suka fita. Bindigar toka ba ta ja da AK-47, amma ta isa ta kashe yaro ɗan shekara bakwai da ya taɓa kunamarta don wasa. Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa: saurayin da ya ga an kashe mahaifinsa, ya tashi da ƙuna a zuci, yana kallon makami kullum safiya. Malamanmu na Malikiyya sun sa amana da amincin wurin zama cikin sharuɗɗan mai renon yaro. Idan tsautsayi ya faɗo, mukan ce ba ya wuce ranarsa, amma sakaci ba tsautsayi ba ne.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, kada a hana kowa riƙo don kawai yana da bindiga mai lasin, domin yin haka zai bar marayu babu masu ɗauka. Na biyu, sa'ad da dattawa ke raba riƙo, mai unguwa ko liman ya yi tambayar a fili: akwai makami a gidan, ina kuma ake ajiye shi? Na uku, mariƙi ya ɗauki alkawarin kada ya rataye bindiga a ɗure inda hannun yaro ke kaiwa, ya kulle albarushi da harsashi cikin akwati dabam, mabuɗin yana jikinsa, kada kuma a aiki ɗan riƙo gadi ko sintiri da sunan ya girma. Na huɗu, gwamnati ta cika nata wajibin, gama ranar da tsaro ya isa Mera da maƙwabtanta, ranar ce bindiga za ta koma aikinta na korar birai.

Ya ku 'yan'uwa matasan ma'aikata, gobe ku ne jami'an jin daɗin jama'a, da magatakardan kotu, da sakatarorin ƙananan hukumomi. Ƙara layi ɗaya a takardar binciken gidan mariƙi bai fi ƙarfinku ba. Mu kuma ɗalibai, in an yi hutu muka koma gida, mu shiga zauren kawunnanmu cikin ladabi, mu dubi bango, mu faɗi abin da muka gani. Mahaifin yaron nan ya tafi, ba zai dawo ya tambayi yadda aka yi da amanarsa ba, sai mu da muke raye mu tambaya a madadinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya raya marayu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.