Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Ƙaddamar da Ƙungiyar Ƙera Mutum-mutumi

Ranka ya daɗe Hakimi, uban wannan taro. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Malamai abokan aiki. Iyayenmu maza da mata. 'Ya'yana ɗalibai.

Abin da kuke gani lulluɓe da zane a kan teburin nan bai kai rabin buhun gero girma ba. Taya huɗu gare shi, da hannu guda, da batir, da 'yar kwamfutar da ke ba shi umarni. Iyaye da dama sun tare ni a bakin ƙofa suna cewa, Malam, wai wane wasa ne ke riƙe yaran nan har bayan la'asar? To, ga shi nan.

Wasan yana da asali. A 1989 wani injiniya ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST domin 'yan makaranta su yi gasar ƙira kamar yadda ake gasar ƙwallo. Karon farko, a 1992, ƙungiyoyi 28 ne suka kara a ɗakin wasannin wata sakandare a jihar New Hampshire. A watan Yulin 2017 aka buɗe gasar ƙasa da ƙasa a Washington, ƙasashe fiye da 150 suka halarta. Aikin shekarar shi ne mutum-mutumi ya rarrabe ƙwallaye: shuɗi a matsayin ruwa mai tsabta, mai launin ruwan lemo a matsayin ƙazanta.

A gasar nan akwai 'yan mata shida daga Herat ta ƙasar Afganistan. Sau biyu suna cin tafiyar kilomita wajen 800 zuwa Kabul neman biza, sau biyu ana hana su. Kayan ƙirar da aka aiko musu ma an riƙe a hanya. Tsararsu sun samu watanni suna aiki, su kuwa kamar mako biyu. Sai dab da buɗe gasa aka ba su izinin shiga, suka je, suka komo da lambar azurfa ta jarumta. 'Yan Gambiya ma an hana su da farko, daga baya aka ba su. Na kawo labarin ne saboda nan gaba wani zai zo ofishina ya ce an ɗauke wuta ko batir ya mutu. Zan saurare shi, amma zan tuna masa da Herat.

Malamai, ku nake roƙo musamman, kuma na san abin da wuya. Idan kun ga yaro yana ɗaure noti a karkace, ko yarinya ta rubuta umarnin da zai sa na'ura ta yi baya maimakon gaba, ku haɗiye maganar. Ku bari ta daki bango, su kwance ta, su nemo inda suka kuskure. Alƙalan gasa sukan zagayo su yi wa ɗalibi tambaya a kan abin da ya ƙera, kuma malami ba ya amsawa a madadinsa. Na'urar da malami ya haɗa tana iya gudu, amma tambaya biyu za ta tona asirin mai riƙe da ita.

Ku kuma ɗalibai, a filin gasa ƙungiyoyi ake haɗawa su yi ƙawance, a kuma sake rabo a zagaye na gaba. Wanda ya kayar da ku da hantsi yana iya zama abokin tafiyarku da azahar. In ya zo aron sifana, ku ba shi.

Iyaye, 'yan matan ƙungiyar nan ba don riƙe tuta muka ɗauke su ba. Sukudireba za su riƙe. Mun yi alkawarin malama za ta zauna tare da su, kuma kowa zai isa gida kafin magariba.

Ranka ya daɗe, da izininka, da sunan Allah na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Shugabar ƙungiya, taso ki yaye zanen, ki kunna mana shi.