Jawabin Shugaban Matasa: Har Amurka da Tarayyar Sobiyet Sun Zauna Sun Yi Magana

 

Tun da aka ce shugabanninmu za su zauna da ɗaya ɓangaren, wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce an sayar da mu, wancan ya ce zama da su ma faɗuwa ce. To, yau ba zan kama sunan kowa ba. Tarihi zan ba ku, ku yi alƙalanci da kanku.

A watan Oktoba na 1962, Amurka ta gano Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, dab da bakin ƙofarta. Kwana 13 duniya tana zaman ɗar-ɗar, yaƙin nukiliya ake jira. Ƙarshe Khrushchev ya kwashe makamansa, Kennedy ya yi alƙawarin ba zai mamaye Kyuba ba, kuma a asirce ya yarda zai janye nasa daga Turkiyya. Kun ji? Kowa sai da ya saki wani abu. A 1963 suka buɗe layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washington da Mosko, suka kuma hana gwajin bam a sararin sama da ƙarƙashin ruwa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a Saharar Aljeriya, kuma a kan haka gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a farkon 1961.

Jama'a, waɗannan ƙasashe biyu ba su bar ƙiyayya ba fa. A 1972, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, Nixon ya je har Mosko suka sa hannu da Brezhnev a kan yarjejeniyar farko ta taƙaita manyan makamai. Ta biyu, ta 1979, ba ta samu amincewar majalisar dattawan Amurka ba, bayan da sojojin Sobiyet suka shiga Afghanistan. A 1986 Reagan da Gorbachev suka haɗu a Reykjavik, suka tashi baram-baram. Amma shekara guda bayan nan suka ƙulla yarjejeniyar da ta sa aka lalata makamai masu linzami 2,692, masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500.

To me ya sa wannan ta yi aiki? Wallahi nan ne darasin. Ba cewa suka yi "mun yarda da juna" ba. Rubutawa suka yi: guda nawa, wane iri, zuwa yaushe. Sannan masu binciken Amurka suka shiga sansanonin Sobiyet, na Sobiyet suka shiga na Amurka, kowa ya ƙirga da idonsa. Gani ya kori ji. Da irin wannan hanya, makaman nukiliyar duniya da suka kai wajen 70,000 a tsakiyar shekarun 1980 suka dawo wajen 12,000.

Sai dai yarjejeniya ma tana mutuwa in an bar kula da ita. Amurka ta fice daga ta kariyar makamai masu linzami a 2002, ta fice daga ta 1987 a 2019 tana zargin Rasha da saɓa ta. Ita kuma wadda Obama da Medvedev suka sa wa hannu a 2010, mai ƙayyade kawunan nukiliya 1,550 ga kowane ɓangare, Rasha ta jingine ta a 2023. Abin da aka yi shekara da shekaru ana ginawa, ga shi yana rushewa.

Saboda haka matasa, ni ban ce ku amince da mutanen can ba. Ni ma ban manta abin da aka yi mana ba. Amma shugabanninmu su je a zauna, da sharaɗi uku: komai a rubuce, komai da wa'adi, sannan a sa matasa daga ɓangarorin biyu cikin masu duba cikawa. Mu kuma mu ajiye zage-zage a Facebook har a gama. In aka ci gaba da rabuwa, ranar zaɓe mu ne a rumfa, kuma mu za mu fara shan kaye.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba mu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.