Kafin ka jefar da wufarka, saurari wannan



Akwai wani ƙanina a unguwarmu da ke bayar da hayar kayan sauti a gidajen biki. Ranar Alhamis ya zo min hankali a tashe: wufarsa ta mutu, ga biki ranar Asabar, ya riga ya karɓi kafin alƙalami. Har ya fara neman bashin sayen sabuwa. Na ce masa, ɗan dakata, mu duba tukuna.

Wufa mai amfilifaya a cikinta kashi uku ce: ɓangaren wuta, amfilifaya, sai ita sifikar. Ana farawa ne daga abu mai araha.

Na farko, wuta. Fitilar baya tana kamawa? In ba ta kamawa, canja soket, canja waya. In shiru, cire ta daga wuta ka zaro fiyus, galibi yana kusa da inda wayar ke shiga. In ya ƙone, ka sa mai lamba iri ɗaya. Don Allah kada ka cusa waya ko takardar sigari a madadinsa. Shi fiyus an yi shi ne ya mutu don sauran kayan su tsira. In sabon ma ya ƙone nan take, to ciwon yana ciki, ka tsaya. Kuma in 'yar gwanjo ce daga Amurka, karanta bayanta: wutarsu 120 ce, tamu 230.

Na biyu, fitila ta kama amma ba sauti. Duba ko tana kan "auto", don wasu ba sa farkawa sai sauti ya yi ƙarfi. Sai ka rage murya, ka zare wayar sauti daga rediyo ko miksa, ka taɓa tsinin kanta da yatsa. In ka ji "buuu", wufar lafiyarta ƙalau, matsalar daga inda sautin ke fitowa take.

Na uku, gurnani mara yankewa. Zare wayar sauti daga jikin wufar gaba ɗaya. In ya tsaya, laifin waya ne ko haɗin wuta, ka gwada jona duka kayan a soket ɗaya. In bai tsaya ba, sau da yawa kafasita ce ta gaji.

Na huɗu, ita sifikar. Kashe, cire daga wuta, ka danna takardarta a hankali da yatsu. In ka ji tana gurza, kwayil ya samu matsala. In kana da mita, cire wayoyinta ka auna: mai om 4 takan nuna uku da 'yan kai. In mitar ba ta nuna komai ba, kwayil ya tsinke.

To a nan zan ja kunnenku. Manyan kafasitocin nan suna riƙe wuta ko bayan an cire daga soket, kuma suna iya yi wa mutum mummunar illa. In ba sana'arka ba ce, kada ka kai hannu kan allon amfilifaya.

Ta ƙanina fa? Fiyus ne ya ƙone. Muka canja, ta tashi, amma da gurnani. Muka kai wa mai gyaran rediyo, ya buɗe, sai ga kafasita biyu sun kumbura kamar fanke. Ya canja su, ranar Asabar aka sha kiɗa, ba bashin kowa a kansa.

Abin da mai gyaran ya faɗa masa shi zan bar muku: ka bari janareto ya daidaita kafin ka kunna ta, ka kashe ta kafin a kashe shi, kuma in ka ji sauti ya fara fashewa, rage murya.

Wanda tasa ke ba shi ciwon kai, ya faɗa mana yadda take yi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.