Makomar Taurari Idan Garkunan Sama Suka Haɗu



Taurarin sama garke-garke suke. A tsakiyar kusan kowane babban garke akwai abin da masana ke kira ƙaton baƙin rami, wato wani curi mai tsananin ƙarfin ja, wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. Na garkenmu ya yi nauyin rana miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun auna shi ta hanyar bin sawun taurarin da ke kewaya shi, musamman S2 mai gama zagaye ɗaya cikin shekara 16, har suka sami kyautar Nobel a 2020.

To, ina makomar irin waɗannan taurari idan garke biyu suka haɗu? Da wuya tauraro ya yi karo da tauraro, saboda nisan da ke tsakaninsu. Ramukan biyu su ne abin lura. Kowannensu yakan yi ta nutsewa zuwa tsakiyar sabon garken, har su kama kewaya juna. A 2002 madubin hangen nesa na Chandra ya gano irin wannan rami biyu cikin garken NGC 6240.

Daga nan sai taurari su shiga uku. Duk wanda ya gifta kusa, sai ramukan su cilla shi waje kamar dutse daga majajjawa. Wani kuma ya karkace daga hanyarsa, ya matsa kusa ainun, ramin ya yayyaga shi. Duk cillin da aka yi, ramukan suna rasa wani abu na ƙarfin gudunsu, sai su ƙara kusantar juna. Tun 1980 Begelman, Blandford da Rees suka bayyana wannan. Ashe da taurari ake biyan kuɗin haɗuwar ramukan. Shaidar haka kuwa ita ce, tsakiyar manyan garkuna irin su M87 ba ta da cunkoson taurari yadda ya kamata.

Saura tamu ranar. Garken Andromeda yana tunkaro mu da gudun kilomita 110 a daƙiƙa, amma binciken 2025 ya nuna haɗuwar cikin shekara biliyan 10 rabi da rabi ce. Ko da an haɗu, rana tana nesa da tsakiya da tafiyar haske ta shekara 26,000. Na kusa da sarki shi ke cikin haɗari; mu 'yan bayan gari ne.